Ranar da Na Kori Kasuwar Kafanchan

Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙarƙashin labarin da ya wuce, wai in daina kewaye-kewaye in faɗi yadda aka yi mace kamar Damaris ta kula mutum kamar ni. 'Yar'uwa, tambayar da ni ma nake yi wa kaina ke nan har yau. Amma tunda kun matsa, ku gyara zama. Yau zan ba ku ɓangaren da na so a binne ni da shi.

Ga waɗanda yanzu suka shigo, sunana Nicholas, tela ne ni. A shekarar 1994 shagona yana bakin kasuwar Kafanchan, manne da shagon Malam Nuru mai sayar da yadi. Na wuce talatin, ban yi aure ba, kuma ina da tumbi. Ba irin tumbin masu kuɗi ba, wanda ake gaisarwa kafin a gaisar da mai shi. Nawa tumbin talauci ne: ƙosan Mero da safe, faten doya da rana, tuwo da dare, sai zama a kan keken ɗinki daga fitowar rana zuwa faɗuwarta. A duk jikina ƙafar dama ce kaɗai ke aiki. In na hau matakalar majami'a ranar Lahadi, sai na tsaya a bakin ƙofa na rufe ido. Mutane suna cewa, “Ɗan'uwa Nicholas akwai ibada.” Numfashi nake nema.

Damaris malamar firamare ce, 'yar Kagoma, kuma ita ke riƙe da 'yan waƙar majami'armu. Ɗinkin rigunan mawaƙa ne ya kawo ta shagona. Na ɓata wata guda ina gyara wuyan riga ɗaya da babu abin da ya same shi, don dai ta riƙa dawowa. Ta gane, amma ta ci gaba da dawowa. Da magana ta yi nisa, ta ce in je in gaida babanta.

Na sha farin yadi, na shafa turare, na hau acaɓa zuwa Kagoma. Mai acaɓan ya yi ta waiwayen tayar baya duk hanya.

Baba Azariya yana zaune a gindin mangwaro yana feƙe ƙotar fartanya. Dattijo ne siriri, busasshe, irin mutanen da ba a taɓa jin sun yi zazzaɓi ba. Na durƙusa na gaishe shi. Durƙusawar ta zo da sauƙi. Tashin ne ya zama labari.

“Yarinya na ya ce kai tela ne,” in ji shi.

“Haka ne, Baba.”

“Kawo hannun ka.”

Na miƙa. Ya juya shi, ya latsa tafin kamar mai duba ko burodi na yau ne.

“Wannan hannun ya taɓa gaisawa da galma?”

Galma ita ce babbar fartanyar huɗa, mai faɗin baki kamar faranti. Ni a gidajen ma'aikatan reluwe aka haife ni, a nan na girma. Gonar da na sani ita ce tumatirin Mama a bayan ɗaki, shi ma akuya ce ta girbe.

Ya ce a gidansa ba a canza tsari ba. Mai neman 'yar gidan zai zo da abokansa su yi wa suruki huɗa in ruwa ya zauna, kuma shi mai neman zai ɗauki layinsa da hannunsa. Na yi ƙarfin hali na ce ai yanzu wasu suna ɗaukar 'yan ƙwadago.

“Wasu,” ya ce. “In 'yan ƙwadago ne zai yi noman, sai na ba ɗan ƙwadago yarinyan.”

Sannan ya ambaci Simon, kamar abin bai dame shi ba. Simon ɗan ƙauyen gaba ne, shi ma ya kawo gaisuwa, shi ma zai zo ranar. Na gan shi da zan fita, yana sauke buhun masara daga keke da hannu ɗaya, yana riƙe da rake a ɗayan. Ƙirjinsa kamar ƙofar sito. Ya ce mini, “Sannu, Daddy.” Shekarunmu ba su fi biyu a tsakani ba.

Da na koma gida na rufe ƙofa, na ɗauko tef ɗin awo na zagaya cikina. Shekara da shekaru ina auna mutanen garin nan, ina faɗa musu gaskiya da murmushi. Ranar na gane dalilin da ya sa wasu ba sa dawowa.

Mama ta leƙo ta taga. “Me kake aunawa? Akwatin gawa?”

“Mama, shiri nake.”

“Ka yi shirin da kyau. Sa'o'inka 'ya'yansu suna sakandare. In wannan ya kuɓuce maka, ni ba ni da bakin shiga zumuntar matan majami'a kuma.”

To, da me ake shiri? Lokacin kowa ya san yadda gari yake. Masu kawo ɗinki sun koma kawo gyara, tsohon wando a juya shi, rigar yaya a rage wa ƙane. Na je wajen 'yan gwanjo na ɗauki takalmin kambas, mai kayan ya faɗi kuɗinsa, na ajiye shi a hankali kamar ƙwai. Na koma gida na zaro tsohon takalmin roba na marigayi babana. Na cika gwangwanayen fenti biyu da yashi don in riƙa ɗagawa. A ɗagawa ta uku mariƙin ɗaya ya tsinke, ya sauka a kan babban yatsan ƙafar dama, wato ma'aikaci ɗaya tilo da nake da shi. Na yi kwanaki ina taka keke da hagu, ɗinki yana fita a karkace kamar hanyar Kachia.

Sai wata rana na ji wani likita a rediyo yana cewa gudu shi ne maganin ƙiba, kuma gudu kyauta ne. Kalmar kyauta ce ta kama ni.

Gajeren wando kuwa, ai tela ba ya saya. Na buɗe buhun ragowar ƙyallaye na harhaɗa: nan atamfa, can kakin makaranta, gefe guda shuɗin yadin mawaƙa. Na ce ba komai, kafin gari ya waye zan fita, babu mai ganina.

Na makara.

Da na buɗe ido rana ta riga ta leƙo. Mai hankali zai ce sai gobe. Ni kuwa na tuna “Sannu, Daddy,” na zura wandon da singileti, na fita. Niyyata in bi bayan layin dogo. Amma hanyar hawa ce, hanyar kasuwa kuwa gangara. Tumbina ya zaɓa mana.

Masu karatu, a nan sai na ɗan dakata da wasa. Wanda bai zauna Kafanchan a waɗannan shekarun ba, ba zai gane ba. Tun rikicin da ya faru a tamanin da bakwai, da wanda ya biyo baya a maƙwabta, garin yana barci da ido ɗaya. Muna cin abinci tare, muna zuwa sunan juna da jana'izar juna, amma in tayar mota ta fashe, sai ka ga kowa ya dubi hanyar gidansa. A garin nan babba ba ya gudu haka kawai. In ka ga babba yana gudu, ba ka tambaya. Ka bi shi, ka yi tambayar a gaba.

Balle a ce Nicholas tela ne. Mutumin da ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba.

Gangarar ta ƙwace ni. Na so in rage, ƙafafu suka ƙi. Bakina a buɗe, idanuna waje, ina fitar da wani sauti da ban san ina da shi ba. Matar farko da ta gan ni tana ɗauke da tiren ayaba. Ta ce, “Yesu!” ta watsar, ta juya. Wani mai baro ya saki baronsa. Na ji ƙofofin shaguna suna bugawa ɗaya bayan ɗaya, garam, garam. Na waiwaya, sai ga mutane a bayana, suna gudu. Wallahi, ni ma sai tsoro ya kama ni. Na ce lallai wani abu ya faru, na ƙara mai.

Haka muka shiga kasuwa, ina gudun su, suna gudun abin da ya koro ni.

Mero ta miƙe a firgice, kaskon ƙosai ya kife, mai ya bi ƙasa. A daidai nan wani hannu ya damƙi singiletina ya fizgo ni cikin duhu. Malam Nuru ne. Ya tura ni bayan dilolin yadi, ya danna sakata, ya tsaya ya tokare ƙofar da bayansa.

“Kwanta, Nicholas, kwanta! Babu mai taɓa ka a nan sai ya bi ta kaina. Ina Mama? Tana gida? Bari ya lafa in aika a ɗauko ta. Su wane ne? Daga ina suka taso?”

Na buɗe baki, iska kawai ke fita.

“Sun ji maka ciwo? Su suka yaga maka kaya haka?”

Ya ɗauka wandon nawa ɓarna ce aka yi mini.

Da a ce ƙasa tana amsa roƙo, da yanzu ba ku da mai ba ku labari. Ga mutum ya sa ransa a bakin ƙofa saboda ni, yana ta salati. Ni kuma dole in gaya masa.

“Malam,” na ce, “motsa... motsa jiki nake.”

“Me?”

“Likita ya ce... a rediyo.”

Ya saki ƙofar. Ya zame a hankali ya zauna a ƙasa, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Inna lillahi. Nicholas, Allah ya shirye ka.”

Shi ya fita ya yi ta ɗaga hannu yana cewa lafiya, lafiya, babu komai, tela ne yake atisaye. Na so in kwana a bayan dilolin nan, amma ya ce sai na fito mutane sun gan ni, in ba haka ba labarin zai isa Kaduna da gawarwaki a ciki. Na fito. Kasuwa ta yi tsit. Ayaba a ƙasa, tumatir a ƙasa, takalma wari-wari.

Mero ce ta fara magana. Ta zo har gabana, ta riƙe ƙugu, ta sunkuya tana duban cinyata ta hagu.

“Tela. Wannan ba atamfata ba ce ta Sallah? Wadda ka rantse ko ƙyalle bai rage ba?”

Wata daga baya ta ce, “Ga nawa ma can a ɗuwawu!”

Sai aka fashe. Irin dariyar da ke zuwa bayan tsoro, mai haɗe da hawaye da zagi. Mero ta ce daga ranar ko ƙosai ɗaya ba za ta ƙara sayar mini ba, kuma ta cika alkawari. Ina gaya muku, duk cikin dabarun rage ƙiba da na gwada, babu wadda ta yi aiki kamar fushin Mero.

Da yamma Damaris ta zo shago. Tana sanye da siket ɗin aiki da farar riga, alli a hannunta har lokacin. Na yi fatan ta yi dariya. Ba ta yi ba.

“Rabin ajina babu kowa yau,” ta ce. “Iyaye sun zo sun kwashe yara. Wata ƙarama ta shige ƙarƙashin tebur, ta ƙi fitowa har aka tashi.”

Na sunkuyar da kai ina juya almakashi.

“Ka san inda na kwana a tamanin da bakwai? Ka san me gudu yake nufi a garin nan, Nicholas.”

“Na sani. Ban yi tunani ba.”

“Don wa kake gudun?”

“Don Baba. Don... ranar huɗa.”

Ta ja numfashi, ta dubi rufi kamar mai neman taimako daga sama. “Ka taɓa ganin Baba yana gudu? Gona tsere ce?” Ta kai bakin ƙofa, ta juyo. “Labarin ya riga ya kai Kagoma. Simon ne ya kai, a kan keke. Kuma ka ƙone wandon nan. Da yadin mawaƙana a ciki, na ji.”

Malam Nuru yana jin komai ta bango, don bangon namu katako ne. Da ta tafi ya leƙo.

“Ina da wani fili a bayan layin dogo, ciyawa ta cinye shi. Ina da tsohuwar galma. In motsa jiki kake so, ga shi can, babu mai firgita don ya ga mutum a duƙe.”

Haka na fara. Kullum in na rufe shago da la'asar, sai in saɓa galma in taka da ƙafa, a hankali, ina gaida kowa da ƙarfi don a san lafiya. Yara suna bina da “Tela, a guje!” Ranar farko na yi huɗar da ba ta kai tsawon tabarma ba, na kwanta a kanta. Tafin hannuna ya yi ƙulli, ya fashe, ya sake yi. Na koyi cewa ba da hannu ake ɗaga galma ba, da ƙugu ne, kuma ni ƙuguna ya daɗe da ɓata. Acaɓa na daina hawa, ko ma dai in ce aljihu ya taya ni dainawa. Tumbin bai tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Ya dai ɗan ja baya, kamar ɗan haya da aka yi wa maganar tashi.

Ruwa ya zauna, ranar ta zo.

Abokan da na samu su ne mawaƙa huɗu da wani ƙanen Malam Nuru. Simon ya zo da samarin ƙauyensu, har da mai ganga. Aka jera mu a bakin gona, kowa da layinsa. Mata suna gefe da tukwanen kunu. Baba Azariya ya dube ni daga sama har ƙasa.

“Kai ne ya kore kasuwa?”

“Ni ne, Baba.”

“To. Nan ba inda za ka gudu.”

Aka buga ganga. Kafin in gama gyara tsayuwa, Simon ya yi nisa, ƙasa tana tashi a bayansa. Ya gama layinsa, ya ɗauki wani, ya gama, ya dawo ya wuce ni yana fito. Ni ina nan ina sara, ina juyawa, ina roƙon Ubangiji kada in faɗi a gaban mata. Gumi ya rufe mini ido. Mai ganga ya rage kiɗa don ya dace da ni, har ya koma kamar na jana'iza.

Rana ta take, gona ta ƙare, ban da layi ɗaya. Kowa ya koma inuwa ana shan kunu, ana kallon tela. Simon ya taso da galmarsa.

“Daddy, kawo in ƙarasa maka. Kar ka mutu mana a nan.”

Ya Allah, na so in ba shi. Duk gaɓoɓina sun ce ba shi. Na ɗaga kai, na hango Damaris tsaye da ƙwarya a hannu, ba ta zuba wa kowa, ba ta kallon kowa sai ni.

“Bar shi,” na ce. “Nawa ne.”

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san inuwar mangwaro ta canza wuri. Da na kai ƙarshe babu wanda ya tafa. Na zauna a ƙasa, don ƙafafuna ba su nemi shawarata ba.

Baba Azariya ya tashi ya zagaya gonar, hannu a baya. Ya tsaya gaban Simon, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Simon, na gode. Na gode ƙwarai. Ubangiji ya sa maka albarka. Ka gaida baban ka da kyau.” Har ya sa aka kamo masa zakara.

Sannan ya zo kan layina. Ya bi shi da ido daga farko zuwa ƙarshe. Ya taɓa shi da ƙafa, gefe ya rushe.

“Wannan huɗa ne ko maciji ya wuce? Ya karkace. Ruwa ɗaya zai wanke shi. Ka dawo ran Asabar ka gyara.” Ya juya ya tafi. Ko sannu.

Na saɓa galmar aro na kama hanya, ban yi wa kowa sallama ba. Na riga na fara shirya abin da zan gaya wa Mama. Sai na ji takun mutum a bayana. Damaris ce, da ƙwaryar kunun nan.

“Ina za ka ba ka sha ba?”

“Gida. Kin ji ai. Shi zakara, ni maciji.”

Ta miƙo mini ƙwaryar, hannuna ya kasa riƙewa, sai ta tallafa ta ƙasa.

“Kai dai ɗan bariki ne,” ta ce. “A gidanmu baƙo ake yi wa godiya, a ba shi zakara, a raka shi. Ka taɓa jin uba ya gode wa ɗansa don ya yi noma? Mijin yayata shekara goma sha yana gyara layi.”

Na tsaya da kunu a baki.

“Asabar,” ta ce. “Da sassafe. Kuma Nicholas, don girman Allah, ka taho a hankali.”

Washegari Lahadi, Mama ta yi ta buga ƙofa don a tafi sujada a majami'a. Ina jin ta. Na aika wa hannuna saƙo ya ɗaga bargo, ya ce bai san ni ba. Ina kwance kamar buhun citta, ina kallon rufi, ina murmushi kamar wawa, sai na ji wata murya a tsakar gida tana gaida Mama, busasshiyar murya da ba ta taɓa zazzaɓi ba.

“Ina yaron? Na kawo masa galma na gaske. Wancan na aro ne ya lalata mini gona.”